Kanta, Dogon Ƙarfe ko Akwati: Wanne Ya Dace da Rufaffiyar Tirelar Ɗan Kwangila a Saudiyya?

Wani ƙanena da ke aikin lantarki da sanya na'urorin sanyaya ɗaki tsakanin Jidda da Makka ya sayi ƙaramar tirela mai rufi, irin wadda ake ja da Hilux kuma Larabawa ke kira maƙɗura. Ranar da ya kawo ta, cikinta fayau yake, babu komai sai daɓen katako da bango huɗu. Kafinta ya ce masa ya buga kantocin katako, mai walda a Sina'iyya, wato unguwar gareji da masu walda, ya ce ƙarfe ne kaɗai zai jure, wani abokinsa kuma ya ce duk su bar wannan, ya sayi akwatunan roba masu hawa kan juna. Da ya zo wurina ya ce, "Yaya, kowa da abin da yake faɗa, ni kuma kuɗin aiki ɗaya gare ni," sai na ga ya dace in rubuta amsar da faɗi, domin 'yan'uwanmu da yawa da ke kwangilar famfo, fenti, tayil da lantarki a Jidda, Makka da Madina suna kan wannan shawarar.

Abin da zai raba gardamar shi ne mutum ya san wane kaya ne ke fita daga tirelar kullum, wane ne kuma ke kwana a cikinta wata da watanni. Kafinta da mai walda da abokin nasa duk gaskiya suka faɗa, sai dai kowannensu yana magana ne a kan nau'in kaya guda kawai, alhali tirelar ɗan kwangila kaya iri uku take ɗauka: ƙananan abubuwa masu yawa kamar soket, sukuru, gwiwar bututu da tef; injunan hannu masu tsada da ake shiga da su gini; sai manyan kaya masu nauyi kamar janareta, kwampireso, tsani da tukunyar gas.

Kantar katako ita ce mafi sauƙin farawa, kuma ni ina ganin an raina ta fiye da kima. Falle ɗaya na filawud, wanda masu sayarwa a nan ke kira abalakash, faɗinsa santimita 122 ne, tsawonsa 244, kuma mai kaurin milimita 18 nauyinsa yana kai wa kilo 30 zuwa 35 gwargwadon irin itacen. Mutum mai zarto da injin huda zai iya yanka shi ya haɗa da kansa a ranar Juma'a, ya auna kowane rami daidai da abin da zai zauna a ciki, idan kuma bayan wata uku ya sayi sabon inji da bai shiga ba, sai ya kwance sukuru huɗu ya matsar da allo. Katako yana shanye girgiza, ba ya kankare fentin inji, kuma ba ya ƙara a hanya. Wani amfaninsa da ba a cika ambata ba shi ne, a tsakiyar watan Yuli ana iya dafa shi da hannu, alhali farantin ƙarfe a cikin rufaffiyar tirela yana iya ƙona tafin mutum.

Aibinsa biyu ne. Na farko, sukuru da aka ɗaura a bakin falle yana sassautawa da girgiza, don haka kantar da aka haɗa da sukuru kaɗai, ba gam ba ƙarfen kusurwa, takan fara lanƙwasa bayan ta sha maɗabbat, wato tudun rage gudu da suka cika unguwannin Jidda. Na biyu shi ne laima. Wanda ke zaune a bakin Bahar Maliya ya san yadda iska ke jiƙe da daddare, kuma katakon da ba a shafa wa fenti ko banish a bakinsa ba yana shan wannan laimar har ya fara ɓarewa. A nan ina roƙon mai karatu kada ya bari araha ta ja shi zuwa ga katakon MDF, wanda garin itace ne da aka matse da gam: yana da kyau a kabad ɗin ɗaki, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura, sukuru kuma ba ya kama shi da ƙarfi. Waɗanda suka ga ambaliyar Jidda ta Nuwamba 2009 da ta Janairu 2011 ba sa bukatar a gaya musu cewa garin da ba a cika ruwan sama ba shi ne ruwa ke mamaya rana ɗaya. Ko da filawud mai kyau ne, ya kamata a ɗaga ƙafar kanta daga daɓe da ɗan ƙarfe ko roba.

Kantar ƙarfe kuwa, wadda mai walda zai haɗa da angil, wato sandar ƙarfe mai kusurwa kamar harafin L, ita ce ke jure nauyi da shekaru. Ana yawan cewa ta fi katako nauyi nesa ba kusa ba, amma da aka yi lissafi sai a ga maganar na bukatar gyara. Angil mai milimita 40 a 40 da kaurin 4 nauyinsa kusan kilo 2.4 ne a kowace mita, wato sanda ɗaya mai mita 6 tana kusan kilo 14 da rabi. Gangar kanta mai tsawon mita 2.4 da hawa uku za ta ci kamar mita 27 na angil, abin da ya kama kilo 65 ke nan, kusan daidai da falle biyu na filawud. Inda nauyin ke shigowa shi ne wajen shimfiɗar kowane hawa. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2 yana da kusan kilo 16 a kowace murabba'in mita, alhali filawud mai milimita 12 bai wuce kilo 7 zuwa 8 ba. Mai walda, saboda ƙarfe ne sana'arsa, zai so ya shimfiɗa faranti a ko'ina, kuma kowane kilo da kanta ta ci an rage shi ne daga abin da tirelar za ta iya ɗauka na kayan aiki.

Babbar matsalar ƙarfe a gaɓar teku ita ce tsatsa, kuma tana fara cinsa ne daga wurin da aka yi walda, inda wuta ta ƙone fenti. Dole a goge wurin, a shafa jan fentin kariya, sannan a bi da fenti na sama, ciki har da ƙasan angil da ido ba ya gani. Matsala ta biyu ita ce ƙarfe ba ya sake shawara: abin da aka ɗinke da walda ya zauna ke nan, sai dai a kawo sarukh, wato injin yankan ƙarfe, a yanke. Saboda haka nake ba da shawarar kada a yi waldar kanta a jikin tirela kai tsaye. A haɗa ta a waje, a shigo da ita, a ɗaure ta da bol da noti ta cikin daɓe, da faffaɗan wosha ko ɗan faranti daga ƙasa, a kuma kama ta a ginshiƙan bango. Waɗannan ginshiƙai a tirelolin da ake shigowa da su daga Amurka galibi tazarar inci 16 ko 24 ke tsakaninsu, kusan santimita 40 ko 60, amma na ƙirar gida sai an lalubo su, kuma kafin a huda ko'ina a tabbatar da inda wayar fitilun baya ta bi. Siririn kwanon bango da siririn katakon da aka lulluɓe shi da shi ba sa riƙe komai, ado ne da kariya daga ƙura.

Ko katako ko ƙarfe, kantar tirela ba kantar shago ba ce, domin shago ba ya taka burki. Kowane hawa yana bukatar leɓe a gaba mai tsayin santimita 5 zuwa 8, ko a ɗan karkatar da shi zuwa bango, kuma kowace durowa tana bukatar sakata. Na koyi wannan ne a hanyar Jidda zuwa Makka, ranar da wata mota ta yanko gabana na taka burki da ƙarfi. Da na buɗe ƙofa a wurin aiki, na tarar da injin huda kankare ya sauko daga hawa na biyu ya faɗa kan ma'aunin gas na na'urar sanyaya ɗaki ya fasa shi, kuma robar sukuru ta kife, muka ɓata sa'a guda muna tsince. Kantar lafiyarta ƙalau, leɓe ne kawai ba ta da shi.

Wannan ya kawo mu ga hanya ta uku, wadda ba ta yaɗu a tsakaninmu ba duk da cewa ita ce ta fi dacewa da manyan kaya. Dogon ƙarfe ne mai jerin ramuka, wanda a kasuwa ake kira E-track, ana ɗaura shi a kwance a jikin ginshiƙan bango ko a daɓe, sai a maƙala masa bel ɗin ɗaure kaya, ƙugiya ko zobe a duk ramin da ake so. Amfaninsa shi ne yana barin tsakiyar tirela a buɗe. Yau a ɗaure janareta da kwampireso, gobe a kwance a loda na'urorin sanyaya ɗaki guda shida a cikin kwalayensu, jibi a ɗauko bututu da nadin waya. Ɗan kwangilar da aikinsa ke sauyawa daga mako zuwa mako zai fi cin moriyar wannan fiye da kanta ta biyu. Wanda bai samu dogon ba, zobban ƙarfe masu kauri da aka ɗaura da bol ta cikin daɓe za su yi rabin aikin.

Ga dalilin da ya sa ɗaurin ya zama tilas. Ƙa'idar ɗaure kaya ta Turai, EN 12195, tana lissafin cewa idan aka taka burki da ƙarfi, kaya na turawa gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa, a kwana kuma yana turawa gefe da kashi 50. Janareta mai kilo 80 ke nan zai tura gaba da ƙarfin kilo 64, kuma yawancinsu a kan taya suke. Robar nan mai ƙugiya da muke ɗaure kaya da ita a bayan wanet, wato a-kori-kura, ba za ta tsayar da shi ba, domin aikinta miƙewa ne. Abin da ake bukata shi ne bel mai hannun matsewa, wanda ke da takarda a jikinsa da ta nuna iyakar ƙarfinsa da haruffan LC. Sai dai bel yana da nasa rauni a ƙasar nan: rana tana cin zarensa, kuma wanda ya koɗe ko ya fara tsagewa a baki ya gama aiki ko da bai tsinke ba. Dogon ƙarfe kuma ba ya magance ƙananan kaya ko kaɗan, ba za a ɗaure gwiwar bututu ɗari biyu da bel ba.

Sai akwatunan roba masu hawa kan juna suna kullewa, waɗanda matasanmu suka fi sha'awa. Kowane babban kamfani da nasa: Milwaukee na da Packout da ya fito a 2017, DeWalt na da ToughSystem, Makita na da Makpac, Bosch kuma L-Boxx, kuma ana samun wasunsu a manyan shagunan kayan aiki irin su SACO. Tsadarsu ba ƙarama ba ce, robarsu tana da nauyi tun kafin a zuba komai, suna cin wuri fiye da kanta, kuma na wannan kamfani ba ya kama na wancan, don haka wanda ya fara da ɗaya ya ɗaure kansa da shi. Duk da haka, akwai wurin da babu abin da ya kai su. Wanda ya yi aiki a tsofaffin unguwannin Makka, irin Misfala da waɗanda ke kan duwatsu, ya san cewa tirela ba ta isa bakin ƙofa. Sai a ajiye ta can ƙasa, a bi lungu, a hau bene hawa huɗu. Idan kayan aikin a warwatse suke a kan kanta, yaro zai yi sawu biyar yana ɗauko abu ɗaya ɗaya, kuma kowane sawu ƙofar tirela a buɗe take. Idan kuwa a akwati uku suke a kan amalanke mai taya, sawu ɗaya ne, a kulle a tafi. Masu roba a bakin murfi kuma suna hana ƙura shiga, abin da duk wanda ya ga guguwar yashi zai san darajarsa.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sayi akwati goma ya jera su hawa biyar, sannan abin da yake nema kullum ya kasance a na ƙasa. Akwatin da ba ya fita daga tirela asarar kuɗi ne, domin ramin katako zai yi aikinsa da kaso kaɗan na farashin. Kuma jerin akwatunan da ba a ɗaure shi da bel ba, ko ba a kafa masa farantin da yake kullewa a kai ba, gaba ɗayansa zai kife a kwana ɗaya.

Akwai abin da bai kamata ya kwana a tirela ba ko da wane tsari aka zaɓa, shi ne batirin injunan hannu. Littafin Makita yana gargaɗin kada a ajiye batir inda zafi zai kai digiri 50, na DeWalt kuma ya sa iyakar a digiri 40, har ya ba da misali da rumbun kwano a lokacin zafi. A Makka zafin waje kansa yana wuce digiri 45 a tsakiyar bazara, Jidda kuma ta taɓa kai wa 52 a Yunin 2010, balle cikin akwatin kwano da aka rufe. Dokar hana aiki a ƙarƙashin rana, wadda ke aiki daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba tsakanin ƙarfe 12 na rana da 3 na yamma, tana nufin tirelar za ta tsaya sa'a uku a lokacin da rana ta fi ƙuna, ba mai buɗe ta. Batir ya kamata ya samu jakarsa daban, ya shiga gini tare da ma'aikata, ya koma gida da yamma. Haka gam, silikon da fentin feshi. Tagar iska biyu, ɗaya a gaba ta sama ɗaya a baya ta ƙasa, da farin fenti a rufi suna rage zafin, kuma sun zama wajibi ga wanda ke ɗaukar fetur ɗin janareta ko tukunyar gas, wadda dole ta tsaya a tsaye a ɗaure da sarƙa.

Inda za a kafa kantar ma yana da muhimmanci kamar abin da aka yi ta da shi. Ƙa'idar da masu ƙera tirela da yawa ke bi ita ce kusan kashi 60 na nauyin kaya ya kasance gaban tayoyi, kuma nauyin da ke sauka a kan ƙugiyar mota ya zama kashi 10 zuwa 15 na jimillar nauyin tirela da kayanta. Tirela mai kilo 1,500 ke nan za ta danna ƙugiya da kilo 150 zuwa 225. Idan aka tara nauyi a baya, kusa da ƙofa, saboda sauƙin saukewa, tirelar za ta fara kaɗa wutsiya a babban titi, kuma wannan lilon yana iya kifar da motar da ke janta. Mai nauyi ya zauna a ƙasa, mara nauyi a sama, kuma idan kantar ƙarfe na hagu to janareta ya koma dama. Wani ɗan abu da ke ruɗar mutane: ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da bakin tirela ke hawa kansa, na Turai milimita 50 ne, na Amurka kuma inci 2, wato milimita 50.8, ido ba ya bambanta su, amma bakin tirelar Amurka a kan ƙwallon Turai yana da sako-sako.

Ɗaure kaya daga burki daban, tsare shi daga mai ɗauka daban. Alhamdu lillahi ƙasar nan tana da tsaro, amma tirelar da ke kwana a bakin ginin da ba a gama ba, ko ta wuni ita kaɗai ranar Juma'a, jaraba ce, kuma injin da ya ɓace yana iya ɓullowa a kasuwar gwanjo ba wanda zai gane shi. Kwaɗo mai dogon wuya almakashin ƙarfe na yanke shi cikin daƙiƙa kaɗan. Wanda ya fi shi shi ne kwaɗo mai siffar faifai da wuyansa ke ɓoye a ciki, tare da maƙalarsa da aka ɗaura da bol mai santsin kai daga waje. A duba hinjin ƙofa ma, domin babu amfanin kwaɗo mai tsada idan ana iya zare ƙusar hinji. Sai dai mai niyyar gaske ba ya tsayawa buɗe ƙofa, tirelar gaba ɗaya yake ja, don haka makullin bakin tirela, inda ake maƙala ta a mota, da makullin taya sun fi kwaɗo na biyu amfani, kuma juya ƙofar baya ta manne da bango ba ya cin ko riyal ɗaya. Tsakanin AirTag, wato ɗan maɓallin kamfanin Apple mai nuna inda kaya yake, da na'urar bin sawu mai layin waya, na fi son ta biyun: AirTag yana dogara ne da wayoyin iPhone da ke kusa, kuma an yi shi ne ya sanar da wanda yake tafiya da shi ba da saninsa ba, wato zai iya faɗakar da ɓarawon. A nan akwatunan roba suna da fuska biyu, domin sauƙin ɗaukarsu ga mai su shi ne sauƙin ɗaukarsu ga wani. Lambar kowane inji a rubuta ta, a ɗauki hotonta da na rasit a waya, domin ita ce hujjar da 'yan sanda za su nema idan aka kira lambar gaggawa ta 911.

Ga ƙanena, wanda rabin aikinsa a benayen Makka yake, abin da na ce masa shi ne ya ba mai walda gangar kanta ɗaya kawai ta angil, a gefen hagu daga gaba zuwa kan tayoyi, a ɗaure da bol, ya shimfiɗa mata filawud mai milimita 12 da leɓe, ƙananan kaya su zauna nan a cikin robobi masu suna. Gefen dama ya bar shi ba kanta, ya ɗaura dogon ƙarfe layi biyu, ɗaya a tsayin gwiwa ɗaya a tsayin ƙirji, domin janareta, tsani da na'urorin da zai kai wa masu gida. Akwati kuma ya sayi uku kacal da amalankensu, na injunan hannu, na kayan lantarki, da na kayan gas. Mai fenti ko mai tayil, wanda kayansa bokiti ne da buhu, zai iya barin akwatunan gaba ɗaya ya ƙara zobba a daɓe, kafinta kuma da ke yanka a cikin tirelar zai fi son katako a ɓangarori biyu da teburi a gaba. Na kuma ce masa kafin ya huda rami ko ɗaya, ya zana tsarin da alli a daɓe, ya jera kayan a kai, ya yi aikin mako guda a haka, sannan bayan an gama kafawa ya loda komai ya kai ta ma'aunin manyan motoci ya ga ko nauyin bai wuce abin da aka rubuta a farantin wuyan tirelar da jikin tayoyinta ba. Tukunyar kashe gobara da akwatin magani kuwa, wurinsu jikin ƙofa ne daga ciki, inda hannu zai kai gare su ba tare da an hau tirelar ba.